Yadda ake kula da batirin LiPo na jirgin rimot

Duk wanda ya fara tuƙa ƙaramin jirgin sama mai rimot, ba ya daɗewa yake gane inda kuɗinsa ke tafiya. Fiffike in ya karye gam ya ishe shi, farfela ba ta da tsada. Batir ne ke cin aljihu. Yawancin batiran LiPo kuwa, wato batiran lithium polymer da ake sa wa irin waɗannan jirage, ba a sama suke mutuwa ba. A ɗaki suke lalacewa, ko a cikin mota, bayan an gama wasa an watsar da su.

Fara da karanta abin da ke jikinsa. Ɗauki wanda aka fi yayi a jiragen koyo, mai rubutun 3S 2200mAh 30C. Ma'anar 3S ita ce sel uku aka jera a ciki. Kowane sel bolt 3.7 ne a rubuce, in ya cika ya kai 4.2, ka ga cikakken batirin 12.6 ke nan. 2200mAh yawan wutar da cikinsa ke ɗauka ne. Shi kuwa 30C, ninka 2.2 sau 30, ka samu amp 66, wato iyakar abin da aka ce inji zai iya ja daga gare shi. Ni dai ba na ɗaukar wannan lambar da gaske sosai, masu sayarwa suna zuzuta ta.

Sai caji, inda ake yawan yin ɓarna. Nemi caja da aka yi don LiPo, mai daidaita sel, irin su iMAX B6 ta kamfanin SkyRC. A kula, jabunta sun cika kasuwa. Batirin yana da jela biyu: mai kauri da ke kai wuta ga inji, sau da yawa da kan XT60 ruwan ɗorawa, da kuma ƙaramar mai farin kai, wadda a 3S wayoyinta huɗu ne. Jona duka biyun. Zaɓi LiPo, zaɓi cajin daidaitawa, saka adadin sel, sannan ka sa ƙarfin caji a 1C, wato amp 2.2 ga wannan batirin. Kafin cajar ta fara za ta nuna adadin sel da ta gano kusa da wanda ka zaɓa. In ba su zo ɗaya ba, dakata ka duba.

Me ya sa ƙaramar jelar take da muhimmanci? Saboda jimilla tana ruɗi. Caja na iya ganin 12.6 ta ce an cika, alhali sel ɗaya yana 4.1, wani ya haura 4.3. Wanda ya haura ɗin nan shi ne zai kumbura, wata rana ya yi wuta. Ta wannan jelar ce caja ke duba kowane sel shi kaɗai.

Ka yi caji a kan siminti, nesa da katifa da labule da jarkar man janareta. Sa batirin a jakar LiPo, wadda aka yi don tare wuta, in babu, tukunyar ƙasa ko ramin bulo sun yi. Ajiye bokitin yashi a kusa. Cajin zai ɗauki awa ɗaya ko sama da haka kaɗan, kuma kada ka jona shi ka shiga barci ko ka fita masallaci. Idan an ɗauke wuta, B6 tana aiki da batirin mota, amma sauke batirin jirgin ƙasa, kada ka ɗora shi kan inji ko kujera.

A filin tashi, kunna rimot tukuna, sandar gudu tana ƙasa, sannan ka jona batir. Ɗaure shi tamau da maɗauri, domin shi ne mafi nauyi a jirgin, in ya zame baya a sama jirgin ya daina jin magana. Kada ka shanye wutar duka. Ka tsaya in ka sha kashi 80 cikin 100, wato kusan 1760mAh. Akwai ɗan ƙararrawa da ake jonawa a farar jelar, saita shi a bolt 3.5, da ya yi kuka ka sauko. Bayan batirin ya huta, kowane sel ya nuna kusan 3.7. Na'urar ESC, mai sarrafa gudun inji, takan rage wuta da kanta in sel ya kusa bolt 3, amma wanda ke jiran wannan kullum, batirinsa ba zai yi ƙarko ba. Bar shi ya huce kafin ka sake caji.

Ajiya ce mutane suka fi sakaci da ita. LiPo ba ya son zama a cike, ba ya son zama fanko. In ba za ka tashi cikin kwana biyu ko uku ba, sa cajar a tsarin ajiya, za ta kai kowane sel bolt 3.8. Zafi ma na cin sa. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana ya wuce abin da batirin zai jure. Ka nema masa inuwa, a ɗaki mai sanyi.

Idan jirgi ya faɗi, cire batirin ka ajiye shi a fili kan ƙasa na rabin awa kana lura da shi, don wani lokaci wutar ba nan take take tashi ba. Wanda ya lotse, ya fashe, ko yake wari mai zaƙi-zaƙi, ya gama aiki. Wanda ya kumbura kamar fanke ma haka, kuma kada ka huda shi wai iska ta fita. Jona masa ƙwan fitilar mota a waje har wutarsa ta ƙare ƙaf, sannan ka kai wa masu karɓar tsofaffin batura. Kada ka jefa shi a bola, inda ake cinna wa shara wuta.