Daga Kwangila zuwa M1: ga mai shirin tuƙi a Ingila

Duk wanda ya saba ratsa Kwangila ta Zariya da yamma, tsakanin tireloli da 'yan acaɓa, gani yake babu titin da zai gagare shi. Da wannan bugun ƙirjin na sauka Ingila, ɗan'uwa, kuma bai amfane ni ba.

Hagu ake bi a nan. Dattawanmu sun san hannun, don sai a 1972 Najeriya ta koma dama. Lasisinka na gida wata 12 zai yi maka. Iyakar gudu a babbar hanya irin su M1 mil 70 ne a awa, wajen kilomita 112, kuma kyamara ba ta jin "ranka ya daɗe". Layin hagu ne mazauninka. In ka wuce mota, ka koma. Shimfiɗa tabarma a layin tsakiya na iya jawo tarar fam 100 da makin laifi 3 a lasisinka, riƙe waya kuwa fam 200 da maki 6.

Abin da na fi jiye maka shi ne tsayawa. A hanyar Kaduna, la'asar ta yi sai a gangara gefe, a fito da buta daga but. Nan haramun ne a doka, kuma ganganci ne. Kafaɗar titi ta wanda mota ta mace wa ce kaɗai, wasu hanyoyin ma an mayar da ita layin gudu. Salla, fitsari ko gyangyaɗi, ka daure har wurin hutawa. Alluna shuɗɗa za su nuna maka saura mil nawa. Ƙa'idarsu hutun minti 15 duk awa biyu.

In motar ta ƙi, ka lallaɓa zuwa hagu, ka kunna fitilun gargaɗi, kowa ya fita ta ƙofar hagu, ku tsallake shingen ƙarfe da yara, ko ana tsuga ruwa. Kada ka buɗe bonet, kada ka nemo ganye ka jera a titi. In a tsakiyar motoci ta mutu, ka zauna da bel ɗinka, ka kira lambar gaggawa, 999. Ka ga jan X a saman layi, fita daga cikinsa, wataƙila irinka ne maƙale a gaba.

Sai fitila. A gida in an haska maka, cewa ake "kauce, ga ni nan". Bature kuwa galibi hanya yake ba ka. Ranar da na haska wa wata babbar mota don ta dakata, shigowa ta yi gabana, direban har da ɗaga mini hannu.