Yadda Bahaushe zai kama bakin zaren Farisanci

Da farko, haruffa. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya rage wa kansa aiki, don da baƙaƙen Larabci ake rubuta Farisancin Iran, sai guda 4 da aka ƙara: پ da چ da ژ da گ, jimilla 32. Sai dai kada rubutun ya ruɗe ka, nahawunsu ya sha bamban. Nan babu ruwanka da namiji ko mace: "u" na nufin shi, kuma yana nufin ita.

Daga nan ka saba da jin aikatau a ƙarshen jimla. "Man ab mikhoram" kalma-kalma shi ne ni, ruwa, ina sha.

Mataki na uku shi ne inda Bahaushe ya fi Bature sa'a. Yadda muke liƙa -n ko -r mu ce littafin Ali, haka suke liƙa -e su ce "ketab-e Ali". Sunansa ezafe. Bayan wasali ya koma -ye: "khane-ye ma", gidanmu. Matsalar ɗaya ce, galibi ba a rubuta shi, kai za ka sa da bakinka. Saboda haka ka riƙa karatu a bayyane kana bin muryar mai harshen.

Sai aikatau. Kowanne yana da saiwa biyu. Ta abin da ya wuce ba wuya: cire -an daga "raftan", tafiya, ka sami "raft", ka ce "raftam", na tafi, "raftim", mun tafi. Ta yanzu kuwa sai hadda, don "rav" ce, "miravam", ina tafiya. Shawarata, kada ka taɓa rubuta sabon aikatau a littafinka ba tare da saiwoyinsa biyu ba. Abin da zai sanyaya maka rai shi ne yawancin aikatau haɗi ne irin namu na yi aiki, yi tunani: "kar kardan", "fekr kardan".

Sannan ka koyi fasa kalma. "Ketab" da "khane", gidan littafi, suka ba da "ketabkhane", laburare. "Danesh" ilimi ne, "daneshgah" jami'a, "daneshju" ɗalibinta. "Bi-" rashi ne, shi ya sa "bikar" marar aikin yi.

In ka fara sauraron mutanen Tehran kada ka razana: a bakinsu "miravam" ta zama "miram", "nan", burodi, ya zama "nun".