Yadda ake tono tarihin ƙaramin ƙauye a Ingila

Kafin ka buɗe kowace takarda, tantance gundumar da kake nema. Ƙauyen Ingila yana da gunduma iri biyu: ta coci, wadda ta fi daɗewa, da ta mulki, wadda dokar 1894 ta kafa wa majalisa. Iyakokinsu kan sha bamban, shi ya sa wani ke shafe mako yana neman iyali a littafin cocin da ba nasu ba.

Duba sunan ƙauyen. Mai ƙarewa da -by ko -thorpe alama ce ta zaman mutanen Denmark da Norway, mai -ton ko -ham kuwa daga tsohon Turanci ne. Sai ka nemi ƙauyen a kundin Domesday, wato binciken filayen Ingila na 1086, amma kada ka wahalar da kanka idan yana lardin Durham ko Northumberland, ba a sa su ciki ba.

Babban aikin yana wajen rajistar coci. Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ne ya umarci a riƙa rubuta baftisma, aure da binnewa a 1538, sai dai yawancin littattafan farko sun salwanta. Da aka kwafe su kan fata a 1598, magatakarda da yawa daga 1558 suka fara. Yau akasarin littattafan suna ofishin adana takardun tarihi na lardi. Idan shafi ya yage, nemi kwafin da ake aika wa bishop duk shekara.

Ga tarkon da ke kama kowa: kafin 1752 shekara tana farawa ne ranar 25 ga Maris. Jaririn da aka rubuta baftismarsa a Fabrairun 1720, a lissafinmu 1721 ne. Rubuta 1720/21, in ba haka ba sai ka ga yaro ya mutu kafin a haife shi. Tsofaffin shafuka kuma sau da yawa da Latin suke, Johannes shi ne John.

Don sanin gonaki, nemi taswirar ushirin coci da aka zana bayan dokar 1836. Kowace gona da lambarta, jerin da ke tare da taswirar kuma yana ba da sunan mai ita, mai nomanta da faɗinta. Haɗa wannan da ƙidayar jama'a ta 1851, wadda ta faɗi inda aka haifi kowa. Ta 1841 ba abin dogaro ba ce kan shekaru, domin an rage na manya zuwa biyar-biyar: ɗan 34 sai a rubuta masa 30.