Yadda Nake Raba Kuɗin Gidanmu Su Kai Mu Ƙarshen Wata

Ni malamar firamare ce, muna zaune a Tudun Wada cikin garin Kaduna, maigidana kuma tela ne. Mu bakwai ne a gida: mu biyu, yara huɗu, sai Inna, mahaifiyarsa. Kafin 2023 ban taɓa ɗaukar biro da sunan lissafin cefane ba. Malam zai ajiye abin da ya sawwaƙa da safe, in cika da nawa, a dafa a ci, a gode wa Allah.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin sati ya zagayo, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga nan komai ya bi ta, tun daga kuɗin Napep har mudun gari. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar 2024 ɗin, jihar Kaduna ta ce 72,000, amma kasuwa ta riga ta yi mana nisa. Akwai watan da albashina ya ƙare ranar 17, na tsaya a tsakar gida da kwanon awo a hannu ina tunanin maƙwabciyar da ban riga na ci bashinta ba. Daren nan na fara abin da zan faɗa muku.

Abu na farko, a sami ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a yi wata guda ana rubuta duk abin da ya fita, ba tare da an sauya komai ba tukuna. Kada a ce za a riƙe a ka. Ni bayan sallar isha'i nake zama in rubuta: man gyaɗa na ƙulli, magi, sukari, garin sabulu, kuɗin taran yara, Napep zuwa makaranta da dawowa, ladan mai POS, data, sadakar almajirin da ke mana shara. Har naira hamsin sai ta shiga littafi. Da watan ya cika na haɗa jimilla, sai na ga aiken da nake yi wa yara zuwa shagon bakin layi, sau uku sau huɗu a yini, ya kusa kamo kuɗin hatsin da muke ci a watan gaba ɗaya. Ni da nake ɗora laifin duka a kan shinkafa, ashe yoyon daga ƙulle-ƙullen nan yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba.

Da littafin a hannu na samu Malam. Wannan shi ne mafi wuya a cikin aikin, kuma idan aka tsallake shi sauran duk wahalar banza ce. A gidajenmu da yawa miji ba ya faɗin abin da yake samu don gudun kada a raina shi ko a yi masa yawan bani-bani, mace kuma tana ɓoye nata don gudun kada a sakar mata gidan. Kowa yana zargin ɗan'uwansa, kuɗin kuma suna zurarewa ta tsakaninsu. Na bari sai da ya ci abinci ya huta, na ajiye littafin a gabansa.

"Malam, ba ƙorafi na kawo ba. So nake ka ga inda kuɗinka da nawa suke tafiya."

Ya daɗe yana buɗe shafuka bai ce komai ba. Can ya ce, "Maman yara, duk wannan a shagon nan kaɗai?" Na ce masa eh. Washegari shi da kansa ya faɗa mini abin da shagon ɗinki yake kawowa, watan samu da watan rashi. Ciyarwa haƙƙin miji ce, wannan ba a canza shi ba, abin da mace ta kawo kuma kyautatawa ce da ya kamata a gode mata. Amma tukunya ɗaya muke ci, dole mu san abin da ke shiga cikinta.

Wanda samunsa ba na wata-wata ba ne, kamar tela ko direba ko mai tireda, kada ya gina lissafinsa a kan watan da kasuwa ta buɗe. Malam yana samu sosai daga tsakiyar azumi zuwa ƙaramar sallah, haka ma gab da babbar sallah, sai kuma a yi wata biyu keken ɗinki yana hutawa. Saboda haka muka ɗauki watan da ya fi kowanne rauni muka ce shi ne samunmu. Duk abin da ya ɗoru a kai lokacin sallah ba na ci ba ne, na manyan lalurori ne.

Manyan lalurorin nan su ne suke kayar da gida, domin ba kullum suke zuwa ba, sai an manta da su su faɗo. Kuɗin haya sau ɗaya ne a shekara, sai a raba shi gida goma sha biyu. Idan hayarka naira 240,000 ce, to kowane wata akwai 20,000 da ba taka ba ce, ta mai gida ce, ko da tana aljihunka. Kuɗin makaranta zango uku ne, kuma na watan Satumba ya fi ciwo, domin da shi ake sayen littattafai da kayan makaranta, ga shi yana zuwa daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai gama shigowa ba. A ranar da kuɗi suka shigo ake cire waɗannan, ba washegari ba. Ni kason haya da na makaranta ba na barinsu a asusun da katinsa ke jakata. Abin da ya rage nake cirowa a dunƙule sau ɗaya, in raba shi kashi huɗu, kowane sati da nasa. Cirowa sau ɗaya ma ta rage mini ladan da nake ba mai POS kullum.

Yanzu ga inda muka fi samun sauƙi, wato sayen abinci a lokacinsa. Kaduna ƙasar masara ce. Daga Oktoba zuwa Disamba sabuwar masara da dawa da wake da waken suya suna cika kasuwa, daga Saminaka da Soba da Giwa da sauran garuruwan noma, farashi kuma yakan sauko. Daga Yuni zuwa Agusta yakan hau. Wanda yake awon mudu-mudu duk shekara, tsadar damina a kansa take ƙarewa. Matsalar ita ce talaka ba shi da kuɗin buhu a dunƙule, kuma a nan adashe yake shigowa. Mu goma ne malamai mata muke zubi duk wata, na roƙi uwar adashe ta sa kwasata ta faɗo a Nuwamba kowace shekara. Da na ɗauka, ba na kwana da su sau biyu, Malam yake wucewa kasuwa. Idan kuɗin ba su kai buhu ba, mu haɗa da maƙwabta biyu a sayo a raba da mudu a tsakar gida, a kuma raba kuɗin mota. Sai dai a yi adashe da mutanen da aka san gidajensu da inda suke samu. Kuma a sayi na ci kawai. A 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka ci bashi suka tara don su sayar da tsada sun ji jiki, mu kuwa da muka ajiye na tuwo ba mu rasa komai ba.

Ajiya ita ma ilimi ce, ni sai da na yi asara na koya. Shekarar farko na sayi rabin buhun wake na jingine shi a lungu cikin buhunsa. Bayan wata biyu na buɗe, na tura hannu, sai gari da ƙwari suka biyo yatsuna, kusan kowace ƙwaya da hujinta. Na zauna a wurin na yi kuka, domin zubin wata da watanni ne. Yanzu buhun PICS nake amfani da shi, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Za a zuba waken, a matse iskar ledar ciki a ɗaure ta tam, a ɗaure ta biyun daban, sannan buhun waje. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. A ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a kuma kiyaye shi daga ɓera, domin huji ɗaya ya ɓata aikin. Wanda bai samu ba, jarka mai tsabta mai murfi da ke rufuwa sosai tana yi, a cika ta har wuya. Kafin a rufe, a tabbatar hatsin ya bushe: a ciji ƙwaya ɗaya, idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa a mayar da shi rana. Don Allah kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a abin da yara za su ci. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan wannan, kuma kuɗin asibiti ya fi na buhun.

Kayan miya ma haka. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani yana araha, daga Mayu kuwa sai ya zama na masu hali. Lokacin arahar nake zuwa Bakin Dogo da sassafe in sayo kwando, in yanka in shanya a kan tabarma mai tsabta a yi kauda, tattasai da attaruhu su ma a busar. Kuɓewa busasshiya, kuka, daddawa da karkashi ba sa yankewa a ɗakina. Mun rage shinkafa zuwa sau biyu a sati, muka koma tuwon masara, dambu, faten tsaki da ɗanwake. Nama ya ja baya, amma ban yarda yara su rasa abin gina jiki ba: mudu ɗaya na waken suya yana ba mu awarar da za ta ishe gida, ana kuma zuba garinsa a kunu. Inna ce ta koya mini yawancin waɗannan. Ranar da na fara shanya kauda ta ce, "'Yar nan, ai da haka muka riƙe gidajenmu, ku ne kuka manta."

Wuta da makamashi ba sai na ja ba. Wake a jiƙa shi tun dare, ya fi saurin nuna. Abin da zai daɗe a wuta gawayi nake sa masa, gas na shayin safe ne da ɗumame. A yi girkin rana da yawa a zuba na dare a kula. Guga sau ɗaya a sati, kuma mai mita ya riƙa duba abin da ya rage masa. Kasuwa ma sau ɗaya nake shiga a sati, da takardar abin da zan saya, ko Kasuwar Bacci da ke kusa da mu, ko ta Sheikh Gumi idan akwai sayayya mai yawa. Tun da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi a farkon 2025 na koma sayen data ta wata, in ta ƙare ta ƙare.

Sai maganar biki da suna, wadda na san za ta yi wa wasu zafi. Ban daina zumunci ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya daina ba, domin ranar da abu ya same ka mutanen nan ne za su cika maka gida. Abin da na daina shi ne anko. Ina da kason gudummawa a kowane wata, ɗan kaɗan ne, idan bukukuwa uku suka haɗu a raba shi uku. In sa atamfata mai kyau da nake da ita, in je da wuri, in kama aiki a madafa. Da farko an yi gutsiri-tsoma, wata ƙanwar Malam ma ta yi fushi na ɗan lokaci. Na same ta na ce, "Anti, kuɗin ankon nan shi ne kuɗin littattafan 'ya'yanki na zangon nan." Ta yi shiru, daga baya ta ce na yi gaskiya. Abincin baƙo da sadaka kuwa ba mu taɓa su ba, Inna ba za ta yarda ba, ni ma haka.

Bashi shi ne abin da nake tsoro fiye da komai. Na shagon unguwa, idan ya zama dole, a rubuta shi a littafi a gaban mai shago, a biya ranar da kuɗi suka shigo kafin a taɓa komai. Na manhajojin waya masu ba da rance da ruwa kuwa, kada a kusance su. Ban da haramcin riba, na ga wata abokiyar aikina da suka bi lambobin wayarta suna aika wa dangi da iyayen ɗalibanta saƙon cin mutunci a kan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba.

Rashin lafiya ba ta sallama, don haka ma'aikaci ya bincika rajistarsa ta KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ya san asibitin da aka haɗa shi da shi tun yana lafiya. Ban da wannan, ina da gwangwanin madara da Malam ya huda wa murfi ya liƙe. Duk canjin da ya rage daga kason sati, ko naira ɗari ce, ciki take shiga daren Juma'a. A daminar bara autarmu ta tashi da zazzaɓi mai zafi wajen ƙarfe ɗayan dare, wata ya yi nisa, shago kuma babu aiki. Malam ya sa wuƙa ya buɗe gwangwanin a kan tabarma, muka ƙirga a hasken tocila. Ya isa kuɗin Napep da gwajin jini da magani, har da ragowar da na sayo mata lemo da safe. Da muka dawo daga asibiti na wanke wani gwangwanin na miƙa masa ya huda.