Kafin ku sake neman gudummawa

'Yan uwa masu ƙungiyoyin tallafa wa marayu, kada ku nemi sabon kuɗi sai kun nuna inda na baya ya shiga.

Wanda ya turo muku ko dubu biyu ce, ku gode masa kafin kwana biyu. Ku kira sunansa, ba saƙon da aka watsa wa kowa ba. In an gama aikin, ku tura masa hoton rasit da na kayan: buhun shinkafa nawa, yara nawa aka biya wa kuɗin makaranta.

Yawanci ba rowa ke hana mutane bayarwa ba, tsoron a cinye ne. Wata Hajiya ta daina ba mu. Da na tura mata rasit ɗin katifun bara, ita da kanta ta bugo waya: "To, saura me?"

Ku fara neman gudummawa tun kafin azumi ya ƙarato. In azumi ya kama, kowa roƙo yake, ba za a ji ku ba.

Amma mai son sadakar ɓoye, kada ku saka sunansa a zauren WhatsApp sai kun tambaye shi. Kuma ku ɗauki hoton kayan kawai, ban da fuskar yaran.