Yadda Ƙaramin Shagon Kyaututtuka da Kayan Sana'ar Hannu Zai Sayar da Mujallar Fasaha Ba Ta Yi Kwantai Ba

Kofin tangaran ko kyandir mai ƙamshi zai iya shekara a kan kanta, ranar da mai rabo ya zo ya biya cikakken kuɗinsa. Mujalla ba haka take ba, kaya ce mai wa'adi. Da zarar sabuwar fitowa ta iso, ta baya ta fara rasa masu tambayarta. Ribar kowane kwafi kuma ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya sa duk da haka ya dace mai shagon kyaututtuka ya ajiye mujallar zane, saƙa, ɗinki, rini ko ginin tukwane shi ne tana dawo da mai saye shagon a kan kari, kuma wanda ya karanta yadda ake wani aiki yakan waiwaya ya nemi kayan yinsa. Idan aka tsara komai bisa wannan, mujallar za ta ci da kanta har ta ja wasu kayan.

Kafin ka yi oda, nemi mawallafin ya aiko maka da kwafi ɗaya na gwaji, ko ka saya da kuɗinka. Ka zauna ka bi ta shafi bayan shafi da biro a hannu, kana rubuta kayan aikin da kowane darasi yake buƙata. Idan rabinsu suna kan kantarka, ka sami wadda ta dace da kai. Idan shagonka na ulu da kwarashi ne, mujallar kuwa ta sassaƙa ce da zanen fentin mai, kyan bangonta ba zai fisshe ka ba. Ka ƙirga shafukan talla ma. Mutumin da ya biya kuɗi mai kauri ya tarar kashi ɗaya cikin uku talla ce ba zai sake saye ba. Ga ƙaramin shago, wadda ke fitowa duk bayan wata 3 ko sau 2 a shekara ta fi ta wata-wata sauƙin riƙewa, domin tana ba ka kwanakin da za ta ƙare kafin ƙanwarta ta zo.

Sharaɗin sari shi ne inda ake cin riba ko a tafka asara, don haka a nan ya kamata ka fi zama. Hanyoyi uku ne aka saba. Akwai sayen yanke, wato ka biya, abin da bai sayu ba naka ne. Akwai sayar-ko-mayar, inda ake rubuta maka kuɗin duka amma a cire na waɗanda ka mayar cikin wa'adi. Akwai kuma ajiya, inda kayan na mawallafin ne har sai an saya, kai kuma ka cire kasonka ka tura masa sauran. Ragin da ake yi wa mai shago daga farashin da ke bango yakan faɗa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kuma sayen yanke ne ya fi samun babban ragi, tunda kai ka ɗauki kasadar.

Ga lissafin a fili. Ka ɗauka farashin bango 100 ne, an yi maka ragin kashi 40, ka ɗauki kwafi 10 a sayen yanke. Ka biya 600. Sai ka sayar da 6 kafin uwar kuɗinka ta dawo, riba daga na 7 take farawa. Idan ragin kashi 30 ne, ka biya 700, sai ka sayar da 7. Wannan duk ba a sa kuɗin aiko da kayan ba, kuma takarda tana da nauyi: mujalla mai shafi 100 da ɗoriya a kan takarda mai kauri kan kai kusan rabin kilo, kwafi 10 ke nan kusan kilo 5. Sau da yawa kuɗin dako shi ke cinye ribar kwafi ɗaya ko biyu ba a lura ba. Saboda haka ka tambaya a rubuce: wa zai biya kuɗin kawowa, wa zai biya na mayarwa, kwana nawa ne wa'adin biya, kuma yaushe ne ranar ƙarshe ta mayar da ragowa. Wasu masu rarrabawa ba sa buƙatar a mayar da mujallar ɗungurungum, bangon kawai ake cirewa a aika a matsayin shaida. Kada ka yage bango ko ɗaya sai ka ga wannan sharaɗin a takarda.

A fitowar farko ka nemi sayar-ko-mayar ko da ragin ya ɗan yi ƙasa, kuma ka fara da kwafi 5 ko 6. Gara ta ƙare ka ƙara oda da ka zauna kana kallon tsibi. Idan mawallafin yana da mafi ƙarancin adadin da yake aikawa, ka tambaya ko zai haɗa maka da tsofaffin fitowa biyu don cika adadin, domin mujallar koyon sana'a ba ta tsufa da sauri kamar ta labarai.

Ranar da kwalin ya iso, buɗe shi a ranar. Ƙirga, ka gwada da takardar kaya, sannan ka duba kusurwoyi huɗu da ƙashin bayan kowane kwafi, nan ne bugun hanya yake nunawa. Wanda ya lanƙwashe ka ɗauki hotonsa tare da kwalin ka aika nan take, domin ƙorafin da ya yi mako biyu da wuya a saurare shi. Idan kana aiki da na'urar karanta lambar kaya, ka lura: mujallu suna da lambar shaida da ake kira ISSN mai alƙaluma 8, lambar layi-layin da ke bangonsu kuma tana farawa da 977, da wata 'yar ƙaramar lamba a gefe mai nuna fitowa ta nawa ce. Na'urori da yawa ba a saita su su karanta ta gefen ba, sai su ɗauki dukkan fitowar a matsayin kaya ɗaya, lissafinka ya cakuɗe. Ka shigar da kowace fitowa da sunanta daban a kwamfuta ko a littafin kaya.

Bango ne ke sayar da mujalla, don haka ta fuskanci mai shigowa gaba ɗayanta. Wadda aka jera kamar littafi, ƙashin baya kawai ake gani, tamkar ba ta shagon. Ka ɗora ta tsakanin ƙirji da idon mutum a tsaye, a kan abin jingina mai ɗan karkata baya, wanda tsayinsa ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku na tsayin mujallar. Idan majinginin gajere ne, saman takardar zai rusuna gaba, cikin mako guda ya kafe a haka, ba ya miƙewa kuma.

Ware kwafi ɗaya na dubawa, ka manna masa alama, sauran ka bar su a ledarsu a bayansa. Mutane ba sa sayen abin da ba su buɗe ba, kuma idan ba ka ba su wanda za su buɗe ba, duka za su taɓa. Sannan ka yi abin da ya fi komai kawo ciniki: buɗe na dubawar a wani darasi, ka danne shafin da maƙalli, ka jera kayan aikin a gefensa. Idan darasin saƙar hula ce, ga ƙullin ulu biyu masu launin da ke hoton, ga kwarashi mai lambar da aka ambata, ga ɗan kati da ka rubuta da hannu, "Duk abin da shafi na 42 yake buƙata yana nan." Mai neman abin da zai ba wani kyauta, wanda bai san komai a kan saƙa ba, ya sami kyauta cikakkiya ke nan, sai dai ka ɗaure masa da kirtani.

Abokan gaban takarda su ne rana da danshi. Tagar shago tana jan ido, amma hasken rana yana kashe launi, ja da rawaya su ke fara kodewa, har bangon ya koma shuɗi-shuɗi. Idan dole sai ka sa a taga, ka sa tsohuwar fitowa ko ka roƙi mawallafin fosta. Ragowar kwafin kuma a ajiye su a kwance, ba a kan siminti kai tsaye ba, nesa da sabulu da kyandir da man ƙamshi, domin takarda tana shan wari da maiƙo.

Ga kowace fitowa ka rubuta abu huɗu: ranar isowa, adadin da ya zo, adadin da ya sayu, da ranar da na ƙarshe ya fita. Bayan fitowa uku za ka ga gaskiyar lamarin. Idan tana ƙarewa kafin rabin wa'adinta, ƙara kwafi 2 ko 3, kuma lokaci ya yi da za ka nemi sayen yanke da ragi mafi tsoka. Idan fiye da rabi yana komawa, canza mata wuri sau ɗaya ka sake gwadawa kafin ka yanke hukunci, don sau da yawa laifin kusurwar da aka jefa ta ne. Ranar mayarwa kuma ka rubuta ta a kalanda da mako ɗaya kafin ainihin ranar.

Duk wanda ya saya sau biyu, tambaye shi ko a riƙa ajiye masa nasa, ka sanar da shi ranar da ta iso. Mutum 4 da ake ajiye wa sun isa su rufe mafi yawan kuɗin odar kwafi 6 tun kafin ka buɗe kwali. Ka kuma nemi mawallafin ya sa sunan shagonka da adireshinsa a jerin wuraren da ake samun mujallar, ka duba da idonka cewa lokutan buɗewar da aka rubuta daidai ne.