Kurakuran da ake yi a gem ɗin Shaun White Snowboarding da yadda za a gyara su

Gaskiya ina jin haushi in na ga mutum ya kunna gem ɗin nan na minti goma ya ajiye hannu ya ce wai ba daɗi, alhali shi ne bai gane kan gem ɗin ba. Kamfanin Ubisoft ne ya fitar da shi a 2008 da sunan Shaun White, ɗan Amurkan nan mai jan gashi da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Turin a 2006, ya sake ci a 2010 da 2018, kuma gem ne na zamiya a kan dusar ƙanƙara da ke son haƙuri sosai.

Babban kuskure shi ne mutane su shigo da tunanin SSX, wani gem ɗin zamiyar ƙanƙara na kamfanin EA, inda za ka tashi sama ka yi alkafura iya son ranka ka sauka lafiya lau. Nan ba haka ba ne malam, an yi shi kusa da zahiri, in ka cika juyi a sama allon bai dawo daidai da gangaren ba to da ka za ka sauka, makin duk ya tafi. Gyaran shi ne ka duba tsayin tsallen tun kafin ka tashi, ƙaramin tudu juyi ɗaya ya ishe shi, ka kama allon da hannu ka sake shi da wuri, ka daina juyi tun kana hango ƙasa. Sannan tsallen kansa, durƙusawa ake yi tun daga nesa a saki maɓallin daidai bakin tudun, wanda ya saki da wuri ko ƙasa ba zai bari sosai ba.

Sai maganar tsabobin da Shaun ke sa ka tara a duwatsu huɗun nan, Alaska, Park City, Turai da Japan. A nan ne mutane suka fi karaya, za ka ga mutum ya nace wa tsaba ɗaya da ke bayan bangon ƙanƙara ko can sama yana ta faɗuwa, bai san sai ya buɗe ƙarfin da ake kira Focus ba tukuna, akwai na gudu, akwai na fasa shinge, akwai na dogon tsalle, kuma bi da bi suke zuwa. In ta gagare ka bar ta, za ka dawo mata. In kuma wadda za ka iya ce, ajiye alama a saman wurin kafin ka gangara, in ka kuskure sai ka koma nan take, ba sai ka sauka gindin dutse ka sake hawa ba.

Da yawa ma ba su san ana cire allon a taka da ƙafa ba, wallahi wannan kaɗai yana rage wahala in ka wuce abu da ɗan taki kaɗan.

Wajen saye kuma a kula, na Wii mai suna Road Trip daban yake da na PS3 da Xbox 360 da kwamfuta, shi ne ake iya bugawa da Balance Board, a tsaya a kai ana karkata jiki. In faɗin dutse kake so ka yi ta yawo inda ka ga dama, nemi na PS3 ko Xbox 360.